Ina Ruwan Kwamfuta da Ruwa?

Wani ƙanen abokina da ke haɗa bidiyon biki a unguwar Mabera da ke Sakkwato ya kira ni wata rana bayan la'asar, muryarsa na rawa. "Yaya, injin nan ya mutu, kuma ga jiƙa nan ƙasan akwati. Mi yak kawo ruwa cikin kwamfuta?" Da na je sai na tarar da abin da na zata. Kwamfutar tebur ce ta hannu da ya sa aka turo masa daga Legas, irin mai murfin gilashi da fitilu masu sauya launi, ga tiyo biyu baƙaƙe sun taso daga kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, sun nufi lagireto a rufin akwatin. Shi duk a zatonsa kwalliya ce. Bai san ruwa ke gudu a cikinsu ba, wanda ya sayar masa kuma bai ga dalilin faɗa masa ba. Abin da ya zuba bai fi cikin cokalin shayi biyu ba, sai dai ya sauka ne a bayan katin hoto, ɓangaren da ke sarrafa hotunan da ke fitowa a allo, wanda shi kaɗai ya lashe kusan rabin kuɗin injin.

Tambayarsa tana kan hanya. Tun muna yara muka san ruwa da lantarki ba sa ga maciji. To me ya sa masu ƙera kwamfuta suka haɗa su ɗaki ɗaya?

Zafi ne ya tilasta musu. Duk wutar da furosesa ya sha, zafi take komawa. Core i9-13900K da Intel ya fitar a 2022 yana iya jan wat 253 idan aiki ya yi aiki, katin hoto na RTX 4090 kuma wat 450. Wannan zafin duka yana fitowa ne daga wurin da bai kai faɗin kwalin ashana ba, kuma dole a kwashe shi nan take, in ba haka ba furosesan ya kai digiri 95 ko 100 ya rage gudu don ya tsira da ransa. Ruwa kuwa gwani ne wajen ɗaukar zafi. In aka auna da nauyi, yana ɗaukar kusan ninki huɗu na abin da iska ke ɗauka. In da cikar mazubi aka auna, ratar ta haura ninki 3,000. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban bakanike an buɗe bonet ya riga ya san tsarin: ruwa ya bi ta jikin inji ya kwaso zafi, famfo ya tura shi lagireto, fanka ta fifita, ya dawo. Na kwamfuta ma haka yake, ƙanƙanta kawai ya yi.

Amma akwai abin da masu talla ba sa jaddadawa, kuma mu nan shi ya fi shafa. Ruwan ɗan dako ne. Ba ya kashe zafi, ɗaukarsa yake daga kan furosesa ya kai lagireto, can kuma iskar ɗakin ce ke karɓa. Saboda haka ruwan ba zai taɓa fin ɗakin sanyi ba, kullum yana sama da shi, wani lokaci da digiri goma ko fiye idan ana aiki mai nauyi. Masu gwada waɗannan kaya a Turai da Amurka suna yi ne a ɗakunan da zafinsu bai wuce digiri 21 zuwa 25 ba. A Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, rana kan haura digiri 40, shagon kwano marar na'urar sanyaya ɗaki kuma ba ya nisa da haka. Ka ɗora goma a kan arba'in, ka ga inda ruwan ya kai. Sanannun famfunan nan irin su D5 an ƙayyade musu kada ruwan ya wuce digiri 60. Tazarar da mutumin Jamus ke da ita tsakaninsa da wannan iyaka, mu rabinta ma ba mu da shi a watan Afrilu.

Kayan iri biyu ne. Akwai rufaffe, wanda 'yan kasuwa ke kira AIO: famfo, tiyo da lagireto duk a haɗe tun daga masana'anta, an cika shi da ruwa an toshe, naka kawai ka ɗaura. Girmansa da tsawon lagireton ake faɗa, milimita 120, 240, 280 ko 360. Sunayen da ke jikin kwali suna da yawa, amma cikin da dama daga cikinsu aikin kamfanoni 'yan kaɗan ne, kamar Asetek na ƙasar Denmak. Sai kuma haɗin hannu, inda mutum ke sayen famfo daban, tanki daban, tiyo da mahaɗai daban, ya yanka ya haɗa da kansa. Na biyun ya fi kyan gani, ya fi sanyaya inji, ya kuma fi ba da ƙofar yoyo nesa ba kusa ba, domin kowace mahaɗa ƙofa ce, kuma madauri ɗaya, wato cikakken zagayen da ruwan ke bi, na iya samun goma sha wani abu. Kowace ƙofa ɗan zoben roba ne kawai ke gadinta. In an matse shi da yawa ya tsage, in an bar shi sako-sako ya yi naso. Bututun roba mai tauri na PETG yana yin laushi a bakin mahaɗa idan ruwan ya ɗau zafi, ya sulale. Na akirilik ya fi jure zafi amma yana tsagewa, musamman in aka goge shi da sifirit.

Rufaffen sabo da wuya ya yi yoyo, gaskiya ce wannan, kuma ban yarda da masu tsorata mutane kamar kowane AIO bom ne ba. Matsalarsa tsufa ce, kuma tsufan nasa ba ya nunawa a fuska.

Kowa a nan ya san tulun ƙasa. Ka cika shi da safe, ba huda ba tsaga, amma da yamma ka ga ruwan ya ja baya, jikinsa ya yi damshi. Tiyon roba ma yana wannan nason, sai dai a hankali ƙwarai, ta yadda ba ido da zai gani. Tururin ruwa na ratsa jikin robar ya fice, wata bayan wata, shekara bayan shekara, kuma zafi na ƙara masa sauri. Ruwan da ke cikin AIO gaba ɗaya bai fi cikin kofi ba, yawancinsu kuma ba a yi musu ƙofar ƙari ba. Gurbin ruwan da ya tafi iska ce ke cike shi. Ranar da iskar ta yi yawa har ta taru a cikin famfo, sai ya riƙa juyawa a bushe, alhali ruwan nan shi ne man da ke tausasa masa juyi. Daga nan sai ƙara kamar ana kurkure baki, sai zafin furosesa ya riƙa hawa ba dalili, sai famfon ya tsaya. Ba ɗigo ko ɗaya a ƙasa, amma ruwan ya tafi. A ganina wannan shi ne yoyon da ya fi yawa, kuma shi ne wanda ba a lissafa shi a matsayin yoyo. Mai inji sai ya ce bairos ne, ko Windows ta lalace, ya kai a yi masa fomat sau biyu, zafin na nan.

Wannan ne ma dalilin da ya sa wurin da aka ɗaura lagireto yake da muhimmanci. Iska kullum sama take nema. Idan lagireton na rufin akwati, kumfar ta taru can ta zauna lafiya. Idan a gaba yake, to ya kasance samansa ya fi famfon tsayi, in da hali kuma tiyon su fito ta ƙasa. Wanda ya sa lagireto a gindin akwati, famfo ya zama shi ne ƙololuwa, ya gayyato iskar da hannunsa. Na sha ganin haka a injinan da aka haɗa don hoto.

Ciwo na biyu daga ciki yake ci. Farantin da ke manne da furosesa na jan ƙarfe ne, lagireton yawancin AIO kuma na alminiyam, don ya fi araha. Waɗannan ƙarafa biyu in suka haɗu a ruwa ɗaya sai su zama tamkar batir, alminiyam ɗin ke cinyewa. Shi ya sa ba zallar ruwa ake zubawa ba, ana gauraya shi da gilaikol da magungunan hana tsatsa da na kashe gansakuka. Magungunan nan suna da wa'adi. In sun ƙare ƙarfe ya fara zagwanyewa, dattin ya tafi ya toshe siraran tsagin da ke cikin farantin, waɗanda ba su kai kaurin farce ba. Ruwa ya kasa wucewa, ya ƙara zafi, ya kumbura, ya matsa wa duk inda ya fi rauni. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon nan yawanci gaskit ne, wato shimfiɗar robar da ke toshe mahaɗa, ko gwiwar roba da tiyo ke juyawa a kanta kusa da famfo. Ta yaron Mabera nan ce ta tsage.

Kada a ɗauka wannan matsalar ƙananan kamfanoni ce kawai. A 2004 Apple ya fitar da Power Mac G5 mai sanyaya da ruwa, injin da ake ji da shi a lokacin. Bayan 'yan shekaru da yawa daga cikinsu suka fara yoyo, ruwan ya riƙa gangarowa kan akwatin wuta da ke ƙasa, wanda ke raba wa kayan injin lantarki, yana cin ƙarfe. Mac Pro da ya gaje shi a 2006 fanka aka mayar masa. A 2022 kuma kamfanin Arctic ya fito da kansa ya sanar cewa gaskit ɗin wasu Liquid Freezer II na iya lalacewa, ya raba wa masu su kayan canji kyauta. Na yaba musu da hakan. Amma ka tambayi kanka, mutumin da ya sayi irin wannan a hannu na uku, ba kwali ba rasit, wa zai sanar da shi, kuma ta wace hanya kayan canjin za su iso unguwar Runjin Sambo a nan Sakkwato?

Nan ne lissafinmu ya bambanta da na masu rubuta shawarwari daga waje. Su idan suka ce haɗarin kaɗan ne, suna magana ne a kan sabon kaya mai garantin shekara 3 zuwa 6, kuma wasu kamfanonin kan duba batun biyan diyyar abin da ruwan ya ɓata, in ka kawo shaidar saye. Mu kuwa galibin manyan injinan da ke shigowa na hannu ne. Furosesa ɗan shekara biyar lafiyarsa lau, ba ya tsufa yadda za ka ji a jika. AIO ɗan shekara biyar kuwa ya ci mafi yawan kwanakinsa, kuma daga waje ba ka bambanta shi da na bara, musamman in an goge shi an kunna fitilu. Sannan ya sha jijjiga a bayan mota tafiyar kilomita sama da 1,000 daga Legas, an sauke an ɗora a tasha, wataƙila ma ya yini a rana a saman kaya. Duk wannan kafin ya fara aiki a garin da ya fi inda aka ƙera shi zafi.

Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu kan cika komai da gari mai laushi, haƙarƙarin lagireto kuma matsattsu ne, nan da nan suke toshewa kamar an manna musu bargo. Lagireton da ya toshe ba ya sauke zafi, ruwan ya ƙara ɗumi, duk abubuwan da na ambata a sama su ƙara sauri. Ƙurar tana da wani sharrin kuma. Za ka ji ana cewa tataccen ruwa ba ya ɗaukar wuta, don haka ko ya zuba ba komai. Ranar da aka zuba shi, kusan haka ne. Amma bayan ya yi watanni yana gogar ƙarfe ya kwashi abin da zai sa ya ɗauki wuta, in ma bai kwasa ba, da ya sauka a kan madabod mai ƙura, wato babban faifan da duk kayan ke jone a kansa, ya zama taɓo, taɓon kuwa yana haɗa layukan da bai kamata su haɗu ba. Ko bai ƙona komai nan take ba, yana barin tsatsa mai launin kore ko fari da za ta ci ƙafafun kayan a hankali, injin ya mutu bayan wata biyu kowa ya rasa dalili.

Dubi kuma yadda aka jera kayan a cikin akwati. Furosesa na sama, katin hoto na kwance daidai ƙarƙashinsa kamar faranti, akwatin wuta na can ƙasa. Duk abin da ya ɗiga, mafi tsada zai fara samu, sannan mafi haɗari. Idan akwatinka na da ƙofar iska a gindi, juya fankar akwatin wutar ta kalli ƙasa, kada ta buɗe baki sama tana jiran ɗigo.

Wasu na ɗora laifin a kan ɗauke wuta. Ban ga hujjar haka kai tsaye ba, domin wuta na tafiya famfo da furosesa tare suke tsayawa. Abin da dai ke akwai shi ne yawan ɗumama da hucewa, roba ta buɗe ta tsuke sau da yawa a yini, wanda ba ya ƙara mata kwana.

Ga mai haɗin hannu, kalma biyu. Kada ka kusanci ruwan leda, na famfo ko na rijiyar burtsatse, gishirin da ke cikinsu zai daskare a tsagin farantin. In za ka sayi ruwan batir, ka tabbata tataccen ne, domin a bakin masu sayarwa sunan nan yana hawa kan mai asid ma, shi kuwa in ya shiga madaurin sai dai ta'aziyya. Bayan ka haɗa, kada ka ba madabod wuta. Cire duk wayoyin, ka bar famfo kaɗai, ka tayar da akwatin wutar ta hanyar haɗa koriyar waya da baƙa a filogin nan mai ƙafa 24, ko ka yi amfani da ɗan filogin da aka yi don haka tunda na zamani da yawa wayoyinsu duk baƙaƙe ne. Shimfiɗa farar takardar goge hannu ƙarƙashin kowace mahaɗa, ka bar shi yana juyawa kwana guda. Ruwan kuma a riƙa canza shi kamar sau ɗaya a shekara. In akwai yara a gidan a ɓoye ragowar, domin wani nau'in gilaikol ɗin guba ne, ga zaƙi, ga launi kamar lemon kwalba.

Ranar da ruwa ya zubo a cikin inji, sakan ɗin farko sun fi komai tsada. Kada ka tsaya neman adana aiki ko kashe injin ta hanyar da aka saba. Zare filogi daga bango, in yana kan UPS ko inbata ka raba su. Kashewa da maɓalli ba ta isa ba, don matuƙar waya na jone akwai wutar bolt 5 da ke yawo a madabod ko injin na kashe. Cire ɗan batirin nan mai kamar kwabo. Zare katin hoto da RAM, ka tsane abin da ka gani, ka wanke wurin da sifirit mai ƙarfi irin na masu gyaran waya, ba na kemis mai ruwa-ruwa ba. Sannan ka yi haƙuri kwana biyu ko uku a gaban fanka. A nan dai garinmu ya yi mana rana, busasshiyar iskar rani ta fi duk wata shinkafa da ake cewa a binne kaya a ciki. Abin da ke kashe kaya da yawa shi ne ɗokin nan na "bari in kunna in gani ko ya tashi". Akwatin wuta kuwa in ruwa ya shige shi, kada ka buɗe. Kafasitocin cikinsa na riƙe sama da bolt 300 ko bayan an zare waya. Canza shi ya fi sauƙi a kan abin da zai biyo baya.

Da za a tambaye ni, mafi yawan masu aikin bidiyo, zane da buga takardu a garin nan ba su da buƙatar ruwa a injinsu. Babban mai sanyaya na fanka, irin mai hasumiya biyu, yana riƙe furosesa masu matsakaicin ƙarfi ba tare da wata matsala ba, kuma ratar da ke tsakaninsa da AIO mai milimita 240 ba ta taka kara ta karya ba. In ya lalace fanka ce ta tsaya, ka gani da idonka, ka canza da kuɗi kaɗan, ƙarfen kuma yana ci gaba da jan wani zafin ko ba fanka. Abin dariyar shi ne shi ma akwai ruwa a cikinsa: bututun jan ƙarfen nan nasa kowanne na ɗauke da ɗan ruwa kaɗan da ke tururi ya koma, amma a liƙe yake cikin ƙarfe, ba roba ba famfo. Aibinsa nauyi. Irin su NH-D15 na Noctua sun haura kilo ɗaya, don haka in za a yi doguwar tafiya da injin gara a kwance shi, kada ya ɓalle madabod a ramukan hanya.

Wanda aikinsa ya kai ga manyan furosesa masu jan wat ɗari biyu da wani abu, kuma yana da ɗaki mai sanyi, to ruwa na da amfani gare shi. Ya sayi sabo, ya ajiye rasit, ya rubuta ranar da ya ɗaura a jikin akwatin. Duk wata ya hure lagireton da bulowa, yana riƙe da fankokin kada su yi ta juyawa a banza, lokacin hunturu ma fiye da haka. Ya riƙa leƙa mahaɗai da tocila ko zai ga farin ɓawo ko damshi, ya duba gudun famfo a BIOS, wato shafin saiti da ake shiga da an kunna injin, ya taɓa tiyon biyu yayin aiki: in ɗaya ya yi zafi ƙwarai ɗayan na sanyi, ruwa ba ya zagawa. Garanti na ƙarewa ya fara shirin canji ko da bai ga komai ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, bambancin kawai shi ne wannan rariyar ba ta faɗin ranar.

Katin yaron nan mun wanke shi, muka jingine shi gaban fanka kwana uku, yana ta kirana safe da yamma ko a gwada. Ya tashi, sai dai ɗaya daga cikin ƙofofin da ake jona allo ta mutu har yau. Muka ɗaura masa na fanka, ya ce injin ya rage kyau. "Yaya, wanga ai kamar tukunya anka kifa ciki." Tsohon lagireton yana nan rataye a ƙusa a shagonsa. Da na girgiza shi kusa da kunne, ƙarar gorar da aka sha rabi na ji.